Tabon Tsakuwa A Fentin Mota: Yadda Ake Rage Muninsa Kafin Tsatsa Ta Kama

Da wuya a samu motar da ta shekara tana kai-komo tsakanin Suleja da Abuja, ko tsakanin Suleja da Minna, ba tare da gabanta ya yi ɗige-ɗigen fari ba. Ƙananan tabbai ne da tsakuwa ke bari a kan bonet da bamba da bayan madubin gefe, wasu ba su wuce ƙwayar gero ba, wasu kuma sun kai ƙwayar wake. Yawancin masu motoci kan bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Wasu su kawar da kai har damina ta sauka, tsatsa ta kama wurin. Wasu kuma su kai motar gareji a feshe mata gaba ɗungurungum saboda tabo biyar ko shida.

Kowace daga cikin hanyoyin nan na jawo asara. Ta farko tana cin ƙarfen motar, ta biyu kuma tana raba ta da fentin kamfani, wanda shi ne abin da dillalai ke kira fes bodi kuma suke ƙara wa mota kuɗi saboda shi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023 da sauye-sauyen da aka yi wa tsarin canjin Naira a watan Yunin shekarar, farashin motocin da ake shigowa da su da na kayan gyaransu ya yi tashin gwauron zabi. Motar da mutum ke hawa a yau kadara ce da zai daɗe bai sauya ba, don haka kula da gangar jikinta ya wuce batun ƙawa.

Akwai hanya ta uku da ba ta da tsada, ita ce cike ramin tabon kaɗai da ɗigon fenti mai launin da ya dace. Wannan gyara ba ya mayar da wurin sabo fil. Wanda ya sunkuya ya ƙura ido zai ga alama. Abin da yake yi shi ne ɓoye tabon daga idon wanda ke tsaye taku biyu ko uku daga motar, tare da toshe ƙofar da ruwa ke bi ya isa ga ƙarfe.

Me ya sa matsalar ta yawaita a Suleja?

Garin Suleja, wanda a da shi ne ake kira Abuja kafin ya bar wa sabon Babban Birnin Tarayya sunan bayan dokar da ta kafa shi a 1976, yana zaune ne a bakin manyan hanyoyi biyu. Akwai babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna da Zariya da Kano mai tsawon kimanin kilomita 375, wadda ta ratsa ta Madalla da gindin Dutsen Zuma, kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da aikin sake gina ta a watan Disamban 2017. Akwai kuma hanyar Suleja zuwa Minna da ta bi ta Dikko da Lambata da Paiko, wadda ita ma ta daɗe ana aikin mayar da ita tagwaye. Duk inda ake aikin titi ba a rasa tsakuwar da ta watsu a kan kwalta da gefenta, musamman a wuraren da aka karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya.

Ga kuma yawan manyan motoci. Tankokin mai na zuwa ma'ajiyar man fetur da ke yankin Suleja, tireloli na yada zango a Tafa, tifofi kuma na jigilar yashi da fasasshen dutse daga wuraren fasa dutse da ke kewayen Abuja zuwa inda ake gine-gine. Tsakuwar da inji ya fasa ta bambanta da ta rafi wadda ruwa ya goge ta yi sumul. Tana da kaifi da kusurwa, shi ya sa take yanka fenti maimakon ta zame a kansa. A cikin wannan cunkoso ne dubban ma'aikatan da ke zaune a Suleja da Madalla da Gauraka ke bi ta Zuba zuwa Abuja kowace safiya, su dawo da yamma.

Yadda tabon ke faruwa ma abin lura ne. Tsakuwa kan maƙale a tsagin tayar babbar mota, daga baya ta fincike ta tashi sama, sai motar da ke biye ta je ta same ta da gudunta. Ƙarfin bugun yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa: idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun zai ninka sau huɗu. Ke nan tsakuwar da ta haɗu da mota mai gudun kilomita 100 a sa'a tana dukanta da ƙarfin da ya ninka na mai gudun kilomita 50 sau huɗu. Wanda ya sauko daga 100 zuwa 80 ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin bugun.

Abin da ke ƙarƙashin launin mota

Fentin motar zamani hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da aikinsa. A masana'anta, bayan an wanke gangar jikin an shafe ta da sinadarin da ke sa fenti kama ƙarfe, akan tsoma ta baki ɗaya cikin wani babban kwarmi na fentin kariya, a sakar masa lantarki don fentin ya manne a kowane lungu da saƙo. Wannan hawa na farko shi ne babban garkuwar ƙarfe daga tsatsa. A kansa akan fesa faraima, wadda galibi ruwan toka ce ko fara, don ta daidaita fuskar ƙarfen ta kuma rage zafin bugun tsakuwa. Sai hawa na uku, wato launin da ido ke gani. Na ƙarshe shi ne kiliya, fenti marar launi mai kama da gilashi, wanda ke ba mota sheƙi kuma yake kare launin daga rana.

Duka hawan nan huɗu idan an haɗa su, kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka fentin motar gaba ɗaya bai fi kaurin takardar littafin rubutu da wani abin kirki ba. Kiliya kaɗai takan kai maikiron 40 zuwa 50. Kamfanonin ƙera motoci na gwada juriyar fentinsu da wata na'ura mai harba tsakuwa da ƙarfin iska, amma babu fentin da tsakuwa mai kaifi ba za ta iya fasawa ba idan gudu ya yi yawa.

Dalilin da ya sa fentin kamfani ke da daraja shi ne gashin da ake yi masa. Akan gasa shi ne tun gangar jikin tana ƙarfe zalla, babu waya, babu roba, babu kujera, a zafin da ya kai digiri 140 ko fiye a ma'aunin Selshiyos. Motar da aka riga aka harhaɗa ba za ta jure wannan zafi ba, shi ya sa ɗakin gasa fenti na gareji, wanda ake kira obin, ba ya wuce kimanin digiri 60. Komai ƙwarewar mai fenti, ba zai iya maimaita abin da aka yi a masana'anta ba. Masu sayen mota sun san haka, wasunsu har da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti suke yawo, wadda ke tona asirin duk ɓangaren da aka sake fesawa.

Gane zurfin tabo

Kafin a taɓa komai, sai a wanke wurin a duba shi da kyau a cikin hasken rana, domin zurfin tabon ne ke nuna irin gyaran da ya dace. Idan aka jiƙa wurin da ruwa alamar ta ɓace, sannan ta dawo bayan ya bushe, to kiliya ce kawai ta ƙwarzane. Irin wannan folish na iya rage shi, ko ɗigon kiliya ɗaya ya rufe shi. Idan cikin ramin ya yi fari ko ruwan toka, tsakuwar ta wuce launi ta tsaya a kan faraima, akwai buƙatar launi da kiliya. Idan kuwa ana hango ƙyallin ƙarfe, kariya ta tafi baki ɗaya, sai an fara da faraima. Ramin da ya yi ja ko ruwan ƙasa kuwa, tsatsa ta riga ta fara aikinta.

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Da zarar ta kama, takan kutsa ta ƙarƙashin fentin da ke kewaye ta ɗago shi, ramin da bai wuce ƙwayar gero ba ya zama ƙurji mai faɗin kwabo. Yawancin motocin zamani ana yi wa ƙarfensu rufin zinki da ke jinkirta wannan ɓarna, amma jinkiri ne kawai. Bambar yawancin motocin yanzu roba ce, ba ta tsatsa, don haka tabon da ke kanta matsalar gani ce, ana iya barin sa zuwa ƙarshe. Bonet da gefen rufi ta saman gilashin gaba da ƙasan ƙofofi su ne wuraren da suka fi buƙatar gaggawa.

Akwai abubuwa uku da ke sa tabo ya fito fili: bambancin launi tsakanin faraima da fentin sama, inuwar da zurfin ramin ke yi, da kuma kaifin bakinsa da ke kama haske. Wannan ne ya sa tabo ya fi muni a kan baƙar mota ko shuɗiya mai duhu, ya kuma fi ɓuya a kan fara ko ruwan azurfa. Gyara mai kyau yana magance ukun ne a tare: ya mayar da launi, ya cike zurfi, ya kwantar da baki.

Neman launin da ya dace

Kowace mota na da lambar launinta daga kamfani. A motocin Toyota, akan same ta a kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Lamba 040, alal misali, fari ce zalla, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa, 070 kuma fari mai walƙiyar lu'ulu'u. Honda ma kan manna tata a wurin, da lambobi irin su NH-578 na farin launi. A motocin Volkswagen akan same ta a cikin but kusa da tayar safiya ko a littafin sabis. Da wannan lamba masu haɗa fentin mota, irin waɗanda ake samu a Suleja da kasuwar kayan gyaran motoci ta Zuba da unguwar kanikawa ta Apo a Abuja, za su iya haɗa ɗan kaɗan a ƙaramar kwalba. Cikin cokali biyu ko uku ya isa gyaran tabo da dama.

Sai dai lamba kaɗai ba ta wadatar ba. Mafi yawan motocin da ke kan titunan Najeriya na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, kuma da yawansu an taɓa sake musu fenti tun kafin su iso ko bayan sun iso. Wanda ba a taɓa ba ma, zafin rana ya kan dusashe shi, musamman jan launi. Dabarar da masu sana'ar suka saba da ita ita ce a kwance murfin tankin mai a tafi da shi wurin mai haɗawa, ya daidaita launin da ido a kansa. Kafin a sa fentin a kan bonet, sai a ɗiga shi a wani ɓoyayyen wuri kamar cikin bakin ƙofa, a bar shi ya bushe, a gwada a hasken rana, domin launin ɗanyen fenti ya sha bamban da na busasshe.

Fenti mai ƙyalƙyali, wanda ake kira metalik, ya fi wuyar dacewa. A cikinsa akwai ƙananan ɓarɓashin alminiyom da ke kwanciya a jere idan an fesa su, amma idan ɗigawa aka yi sai su taru su kwanta yadda suka ga dama, wurin ya ɗan fi kewayensa duhu ko haske. Fari mai lu'ulu'u kuwa hawa biyu ne na launi kafin kiliya. Mai irin waɗannan motoci ya kamata ya san tun farko cewa alama za ta rage fiye da ta mai launi zalla.

Yadda ake cike tabon

Kayan aikin ba su da yawa: sabulun wanke mota, sifirit, tsumma mai laushi marar gashi, tsinken sakace ko siririn buroshin zane, faraima, launi, kiliya, sanfefa mai lamba 2000 zuwa 3000, da folish.

Matakin farko shi ne tsafta. A wanke wurin da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, sannan a goge ramin da kewayensa da sifirit don cire maiƙo da ragowar folish. Fenti ba ya kama wurin da ke da maiƙo, kuma rashin kula da wannan mataki ne ke sa gyara ya ɓamɓare bayan wanki biyu ko uku. Idan akwai ɓallin fentin da ya ɗago a bakin ramin, a cire shi a hankali da tsinin allura.

Mataki na biyu na ramin da ya yi tsatsa ne. A kankare ta da tsinin allura ko da ɗan guntun sanfefa da aka manna a kan gindin fensir, har sai ƙarfe ya yi haske, ba tare da an ƙwarzani lafiyayyen fentin da ke gefe ba. Akwai ruwan maganin tsatsa da ake sayarwa wanda ke mayar da ragowarta baƙa ta daina ci. Ɗigo ɗaya ya isa. Fentin da aka ɗora a kan tsatsa rufa-rufa ce kawai, domin za ta ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashinsa.

Na uku, idan ƙarfe ya bayyana, a taɓa tsinin tsinke a cikin faraima a ɗiga a tsakiyar ramin, ta yadda za ta lulluɓe ƙasan kawai ba tare da ta cika shi ba. A ba ta lokacin da aka rubuta a jikin gwangwaninta ta bushe.

Na huɗu shi ne launi, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. A girgiza kwalbar sosai, musamman idan metalik ne. Buroshin da ke zuwa a murfin kwalbar fentin gyara ya yi wa irin wannan aiki girma, yakan ɗebo abin da ya fi ƙarfin ramin ya bar tudu mai muni fiye da tabon. Tsinke ya fi. A ɗebo ɗan mitsitsin ɗigo a taɓa tsakiyar ramin, fentin zai bazu da kansa ya kai baki. Ba a shafawa, ba a ja. A jira minti 20 zuwa 30, a sake ɗigawa idan har yanzu ana ganin faraima. Fenti na motsewa idan ya bushe, saboda haka siraran hawa biyu ko uku sun fi kakkaura ɗaya. A tsaya tun launin bai kai daidai da fuskar fentin da ke kewaye ba, don a bar wa kiliya wuri. Idan ɗigo ya zarce baki, a goge shi nan take tun yana ɗanye a sake.

Na biyar, bayan launin ya bushe sosai, wanda ya fi kyau a bar shi ya kwana, a ɗiga kiliya har ta ɗan ɗara fuskar da ke kewaye kaɗan. Idan kiliyar mai haɗin hadina ce, wato sinadarin da ke sa ta ƙanƙara, a haɗa iya abin da za a yi amfani da shi a lokacin, domin cikin 'yan sa'o'i za ta daskare a kwalba.

Mutane da yawa na iya tsayawa a nan, kuma sakamakon ya gamsar. Wanda ke son wurin ya kwanta sumul sai ya jira aƙalla kwana biyu, ya naɗe sanfefa mai lamba 2500 ko 3000 a kan wani ƙaramin abu mai shafaffiyar fuska kamar robar goge fensir, ya jiƙa ta da ruwan sabulu, ya goga kan tudun sau kaɗan yana dubawa. Wurin zai dusashe, folish ne zai dawo masa da sheƙi. Hatsarin wannan mataki shi ne siririyar kiliyar da ke kewaye. Idan sanfefa ta huda ta, gyaran ya koma na mai feshi. Wanda hannunsa bai saba ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bayan an gama, a ɗaga wa wurin ƙafa daga man ƙyalli mai kakin zuma na kimanin wata guda don fentin ya gama ƙanƙara.

Lokacin da ya fi dacewa

Yanayin Suleja na da tasiri a kan wannan aiki. Damina kan fara ne daga wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma a cikinta ne tsatsa ta fi saurin kama buɗaɗɗen ƙarfe. Laimar iska a lokacin na jinkirta bushewar fenti, wani lokaci ma ta sa ya yi hazo-hazo. Hunturu kuma, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, yana zuwa da ƙurar da ke sauka a kan ɗanyen fenti ta manne. A watannin bazara, bonet ɗin da ya sha rana kan yi zafin da hannu ba zai daure ba, fentin da aka ɗiga a kansa sai ya bushe kafin ya bazu.

Abin da ya fi shi ne a yi aikin da hantsi, a cikin inuwa, a wurin da iska ba ta kaɗawa, injin motar kuma ya huce. Idan lokacin ƙura ne, ana iya yayyafa ruwa a ƙasa a kewayen motar, a kuma kifa murfin kwalba a kan kowane ɗigo har ya sha iska. Tabon da ya kai ƙarfe bai kamata ya jira wani yanayi na musamman ba, ko a tsakiyar damina ne a busar da shi a rufe shi.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

Akwai dabarun da suka yaɗu a tsakanin direbobi waɗanda illarsu ta fi amfaninsu. Fentin gida mai maiƙo ba ya dacewa da launin mota, kuma yakan hana fentin mota kamawa daga baya. Alƙalamin maka na dusashewa cikin 'yan makonni ya koma wani launi dabam. Jan farce marar launi na iya toshe rami na 'yan kwanaki idan babu wani abu a kusa, amma ba a yi shi don jure rana da zafin inji ba, sai an cire shi kafin gyara na gaskiya. Shafa baƙin mai ko giris na jawo ƙura, ya kuma bar maiƙon da ke wahalar fita. Man birki kuwa cin fenti yake yi, bai kamata ya kusanci jikin mota ba. Goge wuri da tina ko fetur na iya narkar da fentin da aka taɓa sake fesawa. Fesa fentin gwangwani kai tsaye a kan tabo na barin da'ira mai faɗin tafin hannu saboda ramin da bai kai ƙwayar masara ba.

Akwai kuma folish mai launi da ke cike rami ya ɓoye farinsa. Ba ya cutarwa, amma yana fita bayan wanki kaɗan kuma ba ya hana tsatsa. Mai sayen mota ya kamata ya san da shi, domin akan yi amfani da shi a yi wa mota kwalliyar kasuwa.

Yaushe ne sai mai fenti?

Gyaran ɗigo na da iyaka. Idan tabo ya fi ƙwayar wake girma, ko ƙarfen ya lotsa, ko fentin da ke kewaye ya kumbura alamar tsatsa ta yi nisa a ƙarƙashi, ko kuma tabban sun yi yawa har gaban motar ya zama kamar an watsa masa gishiri, to aikin na ƙwararre ne. Ko a nan ma, mai mota na da damar neman a taƙaita feshin ga ɓangaren da ya lalace, a saje launin da na maƙwabtansa, maimakon a bi motar baki ɗaya. Yana da kyau ya tambayi ko za a kankare tsatsar har ƙarfe, da irin faraimar da za a sa, da kuma ko za a yi amfani da fila, domin fila mai kauri kan tsage bayan wani lokaci.

Akwai batun lafiya ga masu sana'ar. Hadinar da ake haɗawa da fentin mota na ɗauke da sinadarin da ke cutar da huhu, yana iya haddasa asma ga wanda ke shaƙar feshinsa a kai a kai. Tsumma ko takunkumin yadi ba sa tare shi. Masu feshi da yaran da ke koyon aiki a hannunsu na buƙatar takunkumin da aka yi don wannan aiki da wuri mai isasshiyar iska. Wanda kuma ya yanke shawarar sauya launin motarsa baki ɗaya, ya tuna cewa launin na rubuce a takardunta, sai ya sanar da hukumar rajistar motoci a gyara.

Rigakafi

Hanya mafi arha ta rage tabo ita ce tazara. Ƙa'idar tuƙi ta tanadi a bar aƙalla tazarar daƙiƙa biyu tsakanin mota da ta gabanta. A bayan tifa ko tirela, ninka wannan tazara na ba tsakuwa damar faɗuwa ƙasa kafin a iso. Rage gudu a inda ake aikin titi ko aka zuba sabuwar tsakuwa, da guje wa bin gefen kwalta inda tsakuwa ke taruwa, na taimaka wa mai motar da na bayansa. Ta ɓangaren masu manyan motoci, rashin rufe kaya irin su yashi da tsakuwa na cikin jerin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke cin tara a kansu. Tamfol a kan kaya da robar kariya a bayan taya na rage ɓarnar da ake yi wa fenti da gilasan sauran masu bin hanya.

Ga mai hali, akwai wata leda marar launi mai kaurin kimanin maikiron 150 zuwa 200 da ake mannawa a gaban mota. Asalinta kamfanin 3M ne ya samar da ita ga sojojin Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam don kare farfelar jirage masu saukar ungulu daga yashi da tarkace. Ita ce ke shanye bugun tsakuwa a madadin fenti, amma sai an gyara tabban da ke akwai kafin a manna ta. Ruwan sheƙi da ake kira siramik kuwa, kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Yana sauƙaƙa wanki, amma ba ya tare tsakuwa.

Abin da ya rage shi ne sabo. Duk ranar da aka wanke mota, minti biyu sun isa a duba bonet da gefen rufi da ƙasan ƙofofi. Ƙaramar kwalbar launi da aka rufe da kyau aka ajiye a wuri mai sanyi, ba a cikin motar da ke yini a rana ba, na iya yin watanni tana amfani. Ga masu bin hanyoyin Suleja, watan Maris ne lokacin da ya kamata a bi tabban da rani ya tara ɗaya bayan ɗaya a rufe su, tun ruwan farko bai sauka ba.